Kada Ku Taɓa Shi

Ranar Asabar, ashirin da tara ga watan Mayun 1999, ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, Sagir ya faɗi a tsakar gidanmu da ke Ƙofar Marusa.

Ina zaune bakin rijiya da rediyo a cinyata, ina jin ana rantsar da sababbin shugabanni. Shi kuma ya fito daga madafa da kwanon fura zai kai wa yayana, Alhaji Babaji, mai gidan. Sai ya tsaya cak, ya yi wata ƙara irin ta ɗan akuya, kwanon ya suɓuce, shi ma ya bi shi ƙasa. Jikinsa ya sandare, sannan ya shiga jijjiga, ƙeyarsa na bugun daɓe. Kumfa ta fara fitowa ta gefen bakinsa.

Shekararsa goma sha ɗaya. Ɗan ƙaninmu Sani ne, wanda mota ta kashe a hanyar Jibiya. Uwar ta yi aure a Maraɗi, aka bar mana shi.

Hajiya Ma'u, matar Alhaji, ita ta fara samun baki.

"Kada ku taɓa shi! Jummai, ja ƙanwarki ku shige ɗaki! Farfaɗiya ce! Kada wanda ya taka yawun ga!"

Na yi shekara talatin ina aiki a ɗakin karatu na gwamnati. Na san farfaɗiya ba a ɗaukarta, ba ta yawu ba, ba ta numfashi ba, ba ta kwano ba. Na san abin da ake yi wa wanda ta kayar: a juya shi gefe, a sa masa tsumma ƙarƙashin kai. Taku huɗu ne tsakanina da yaron. Na zauna da rediyona. Ilimi a ka yake zama, tsoro kuwa a ƙafa, kuma ƙafar ce ke tafiya.

Da ya farfaɗo, ya ga wandonsa a jiƙe, ya ga kowa ya manne da bango yana kallonsa. Ni ya nema da ido.

"Baba Malam, mi ya faru?"

"Ba komi. Jiri ne."

Hajiya ta kwaso toka mai zafi ta zuba inda kumfar ta zuba. Ta share da tsintsiya, sannan ta jefa tsintsiyar a murhu.

Bayan la'asar Alhaji ya kira ni zaure. 'Yarsa ta fari, Saudatu, wani gidan masu sayar da atamfa na nemanta, kuma magana ta kai lokacin bincike, wato lokacin da dangin miji ke bin maƙwabta a asirce suna tambayar asalin gida.

"Ka san abin da ake tambaya," in ji shi. "Kuturta, hauka, farfaɗiya. Ko ɗaya anka ji, magana ta mutu."

"Ba a ɗauka, Yaya. Asibiti za a kai shi. Akwai ƙwayar da ke tsayar da ita."

"Asibiti? Inda rabin garin ga ke bin layi? In kai shi da safe, kafin azahar labari ya zagaye ganuwa."

"To a bar shi haka?"

"Wa ya ce a bar shi? Za a yi mashi na gida." Ya gyara hularsa. "Kai ba ka da ɗiya, Malam. Littattafai gare ka, su ko ba a zuwa neman aurensu."

Gaskiya ya faɗa. Tun da matata Halimatus Sa'adiyya ta rasu ba mu haihu ba, a ɗakin da ke jikin zaurensa nake zaune, tuwon matarsa nake ci. Mutumin da ke cikin wannan hali yana da ra'ayi, amma ba shi da murya.

Washegari Hajiya ta samo jan fenti ta ɗiga wa kwano ɗaya, moɗa ɗaya, buta ɗaya. Aka ce nasa ne. Aka ɗauke tabarmarsa daga ɗakin yara aka kai ɗakin ajiyar gawayi, kusa da turken awaki. Aka cire shi daga makaranta, aka gaya wa malaminsu hutu zai ɗan yi. Na gidan da za a yi masa shi ne hayaƙin wasu saiwoyi da ake lulluɓe shi da bargo ya shaƙa har ya yi amai. Ciwon bai san an yi ba. Duk bayan kwana takwas ko goma sai ya kayar da shi, kowa ya ja baya, a jira, a kawo toka.

Yaran gida suka ƙirƙiro wasa. Ɗaya ya taɓa ɗaya ya ce, "Sagir ya taɓa ka," sai a watse da gudu ana ihu. Shi kuwa ya koyi tafiya jikin bango da hannuwansa a baya, don kada ya shafi kayan kowa. Ya koyi rufe baki da tafin hannu in zai yi magana. Abin da na fi kasa kallo shi ne maƙogwaronsa: kullum yana haɗiyar yawu, ko babu, don kada ɗigo ɗaya ya kuskure ya fito.

Cikin watan Agusta dattawan gidan miji suka aiko za su zo gaisuwa. Hajiya ta kira Sagir daga nesa ta ce ya tafi kasuwa ya yi wasa, kada ya dawo sai magariba. Ranar wata maƙwabciya ta tambayi ina yake, Hajiya ta ce an kai shi Maraɗi wurin uwarsa. Ƙaryar ta fito mata ne kawai, ba shiri. Amma da ta fito sai ta zama ƙofa, kuma ta rufe.

"Tunda anka ce shina Maraɗi," in ji Alhaji, "ƙaƙa za a gan shi ƙofar gida? Ka so a ce matata maƙaryaciya ce?"

Ya sa aka kai shi ya riƙa kwana a ɗakin ajiyar hatsinsa a Babbar Kasuwa. Kwana shida ya yi. A rana ta bakwai ciwon ya kayar da shi kan buhun gero, yaran shago suka ce ko shi ko su, don ba mai sayen geron da kumfa ta taɓa. Aka fitar da buhun aka ba awaki. Aka fitar da yaron ba a ba kowa ba.

Na same shi bayan mako biyu a tashar mota ta wajen Ƙofar Kaura, cikin yaran da ke tonon bola suna tsintar gwangwani da goge gilashin motoci. Na gaya wa kaina jarida na je saye. Yana zaune shi kaɗai gindin wata mota da ta mutu, don ko yaran tasha ba su zama kusa da shi. Mai Kumfa suke kiransa. Hannunsa na dama daga gwiwa zuwa wuyan hannu ya saɓule, ƙuda na bi.

"Mi ya same ka?"

Ya rufe baki da hannun hagu. "Wutar mai shayi na faɗa. Amma mutumin kirki ne, Baba Malam. Da icce ya turo ni waje. Da ba don shi ba da na ƙone duka."

Na sayo burodi na miƙa masa. Ya ja baya.

"Aje nan ƙasa in ɗauka."

Na ajiye a ƙasa. Yaro ɗan shekara sha ɗaya ya sauƙaƙa mini, ni kuma na karɓi sauƙin.

Da na koma na gaya wa Alhaji halin hannun. Ya ce, "Ina aika mashi da abinci, ka tambayi yarana." Na tambaye su. Suna ajiye kwanon a bakin tasha, wanda ya riga ya ɗauka. Ya ce, "Ka bari a gama biki." Aka yi biki kafin azumi, aka kai Saudatu da motoci goma sha biyu. Na koma masa. Ya ce, "Jummai da Mairo fa? Su ba ɗiya ba ne? Kuma in surukai sunka ji mun ɓoye masu, kana jin Saudatu za ta kwana gidan?" Hajiya ta ƙara da nata daga bayan labule: "Mu ma tausayin shi muke ji, Malam. Ko jiya sai da na yi kuka." Ban musa ba. Hajiya tana da saurin kuka, kuma bai taɓa hana ta cin abinci ba.

Bayan ƙaramar salla na je tasha ban gan shi ba. Na koma washegari, babu. Kwana huɗu ina zagaye, ina leƙa kwalbatoci da kududdufai, ina tsayawa duk inda na hango tsumma a yashe. A rana ta biyar mai shayin nan ya ce mini, "Yaron ga mai faɗuwa? Ai shina wurin matar cocin can. Duk masu ƙuraje can suke zuwa."

Rumfar kwano ce jikin katangar wani coci, bayan tasha. Ban shiga ba. Na tsaya gindin wata bishiyar dalbejiya, ina duba hagu da dama kada wanda ya san ni ya wuce. Yara kusan ashirin ne zaune kan benci da bulo, wasu mata uku na zuba musu shinkafa da wake. Wata mai jiki, da furfura a gefen ɗankwalinta, tana wanke wa wani gyambo. Sagir na can ƙarshen benci, hannunsa ɗaure da farin ƙyalle.

Ina tsaye ciwon ya zo. Na ji ƙarar nan, na ga ya sulale. Yaran suka tashi za su watse.

"Ku zauna ku ci abincinku," in ji matar. "Ba yau kuka fara gani ba."

Ta durƙusa. Ta cire mayafinta ta cusa ƙarƙashin kansa, ta juya shi gefe, ta riƙe kafaɗarsa. Da kumfar ta fito, ta sa yatsunta ta share, ta goge a zanenta, tana yi masa magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Da ya lafa ta wanke hannu da sabulu, ta koma kan gyambon da ta bari. Wata takwas ke nan, ban ga hannun mutum a jikin yaron ba sai ranar.

Ita ta hango ni. Ta tako har gindin bishiyar.

"Sannu, Malam. Kai ne Baba Malam? Ya ce kana da littattafai har rufin ɗaki. Sunana Martha."

Mutuniyar kudancin Kaduna ce, nas ce da ta yi ritaya. Zumuntar matan cocinsu ke karo-karon dafa abincin, kowace da ranarta.

"Yana yawan maganarka," ta ce. "Ya ce kai kaɗai ne a gidan ba ka taɓa korarsa ba."

"Don ban taɓa kiransa ba ne."

Ta dube ni. Haushin kaina ya sa na nemi inda zan soke ta.

"Me kuke nema da 'ya'yan mutane?"

"Abin da kake nema in ka yi sadaka, Malam. Ba zan yi maka ƙarya ba, muna addu'a da sunan Yesu kafin a ci, kuma in wani ya bi shi zan yi murna. Amma ba a sayen shinkafar nan da addini. Naka yana da kwali can bayan rumfa, a kai yake sallarsa. In ya manta ni nake tuna masa."

Ta ciro wata 'yar kwalba daga jaka. Ƙwayoyi ne farare ƙanana. Wani likita ɗan cocinsu ya duba shi ya rubuta. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

"In ya kama jikinsa, faɗuwar za ta tsaya. Amma ba a yanke shi rana ɗaya. In aka yanke, ciwon yana dawowa da fushi. Kuma, Malam, ni ba zan iya kai shi gidana ba. Ka san abin da za a ce in ɗan Musulmi ya kwana gidan Kirista. A nan yake kwana wurin maigadi. Gida yake bukata. Ku ɗauke shi."

Na ce zan duba. Na iya wannan kalmar, na yi shekara talatin ina faɗinta a ofis.

Maganin ya kama. Mako uku, huɗu, biyar, bai faɗi ba. Hannun ya warke, kumatu suka fito. Na riƙa zuwa gindin dalbejiyar duk Talata. Wata rana na ji yana dariya da bakinsa a buɗe.

Sai ga labarin Kaduna. A ƙarshen Fabrairu rediyo ya cika da maganar faɗan addini a can, motoci suka riƙa shigowa da mutanen da suka tsere da kayan jikinsu. A Katsina ba a yi komi ba, amma kowa na tafiya yana waige. Tayar mota ta fashe a kasuwa, aka rufe shaguna ɗari. Matan zumunta suka ragu daga uku zuwa ɗaya, wasu sun kwashe 'ya'yansu sun tafi garuruwansu. Martha ta rame cikin mako guda.

"In wani abu ya tashi, ina zan kai su?" ta tambaye ni, idonta na kan titi. "Sauran ba su da kowa. Naka yana da gida, Malam. Don Allah."

A nan na yi dabara. Da ma masu karatu ba mu da ƙarfin hali, dabara muke da ita. Na ce a raina, abin da tausayi ya kasa, kunya za ta yi. Na san yayana: ya fi tsoron bakin mutane da wutar lahira. In ya ji a gaban jama'a cewa matan coci ne ke ciyar da ɗan ƙaninsa, zai ruga ya ɗauko shi ya kawo gida, ko don a daina faɗa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana zaure da abokan kasuwancinsa uku, na shiga na zauna.

"Yaya, ɗan Sani ba Maraɗi yake ba. Shina bayan tashar Ƙofar Kaura. Matan coci ke ci da shi, su ke ɗaure mashi ciwo. Na ga ya kamata ka sani, kai da ka je Makka sau uku."

Fuskar Alhaji ta yi kamar an shafa mata toka. Ya tashi ya sa takalmi.

Su bakwai suka tafi, da yaran shagonsa. Na bi su a baya, ina jin daɗin kaina. Da muka isa ana cikin rabon abinci. Yaran na ganin manyan riguna suka tsallake katanga, kwanoni na zubewa. Sagir kaɗai ya tsaya, hannuwansa suka koma bayansa. Martha na riƙe da ludayi.

"Ke ce ke tara ɗiyan Musulmi?"

"Sannu da zuwa, Alhaji. Na gode wa Allah da ka zo. Ga shi nan, ka tafi da shi gida. Ga maganinsa, safe da yamma, kada a..."

Ya karɓi kwalbar, ya ɗaga ta sama don mutanensa su gani.

"Kun gani? Da wanga suke juya masu kai."

Ya buɗe ta ya zazzage a kwata.

"Alhaji, ka kashe shi!" in ji Martha. "Ka zage ni, ka rushe rumfar, amma wannan..."

"Rumfar ba ni za ni rushe ta ba. In anka sake ganin yaron ga nan, ba ni za ki gani ba. Kin dai ji abin da ke faruwa wasu wurare."

Ya tasa Sagir gaba da bakin lemarsa, ba da hannu ba. Na bi su, har lokacin ina zaton gida za mu. A bakin ƙofar gari ya sallami mutanensa, ya ce zai kai yaron ƙauye wurin wani malami. Da suka yi nisa ya juyo wurin Sagir.

"Ka dai ji abin da na ce mata. In ka koma, wuta za a sa masu, kuma kai ka ja. Ka ji?"

"Na ji, Baba Alhaji."

Alhaji ya buɗe motarsa da ya bari a bakin ƙofar.

"Gida fa, Yaya?"

"Wane gida? Yanzu da ka shelanta ya ci abincin coci? Da ciwo ɗaya gare shi, Malam. Kai ka ƙara mashi na biyu." Ya tada mota, sannan ya sauke gilashi. "In kuma ka kawo mani shi, ka haɗa da littattafanka ku nemi inda za ku."

Na juya in yi wa yaron magana, ya riga ya tsallaka titi.

Washegari na je rumfar, na tarar an sa mata kwaɗo. Maigadi ya ce dattawan coci sun rufe ta har hankali ya kwanta, Martha kuma mijinta ya kai ta garinsu. Na tsaya ina kallon kwatar. Ni da na san sunayen sarakunan Rum bi da bi, ban taɓa tambayar sunan ƙwayar ba. Na je kantin magani, suka ce sai da takardar likita. Likita kuma sai ya ga yaro. Yaro kuma ya bar tasha, yau a ce an gan shi Ƙofar Guga, gobe a mahauta. Waɗannan su ne dalilaina, kuma duk gaskiya ne. Na lura a gidanmu ba mai rasa dalili na gaskiya. Da ɗan cikina ne, da na same shi cikin yini ɗaya.

Sai cikin watan Yuni, bayan ruwan farko, na ci karo da shi a layin 'yan hatsi na Babbar Kasuwa, yana tsintar ƙwayar masarar da ta zube. Da kyar na gane shi. Haƙoransa biyu na gaba sun karye, goshinsa duk tabo, sabo kan tsoho. Harshensa ya kumbura don cizo, magana na fita a hankali. Ya ce yanzu kullum ne, wata rana sau biyu. Ya ce yana jin tsoron wuta, da titi, da bakin rijiya, shi ya sa yake zama inda ƙasa take da taushi.

"Baba Malam, ba a ƙona su ba?"

"Ba a ƙona ba."

"Alhamdu lillahi. Ban koma ba. Ka faɗa ma Baba Alhaji ban koma ba ko sau ɗaya."

"Zan faɗa mashi."

Ya haɗiyi yawu. Ya ɗan matso, taku ɗaya, sannan ya tuna ya koma.

"Na hango an rufe rumfar. Anka ce Mama Martha ta tafi." Hannunsa na kan bakinsa. "Ta taɓa yawuna da yawa, Baba Malam. Na ce ta bari, ba ta bari ba. Ta ɗauka ne? Ni na sa mata?"

Na buɗe baki. Daidai nan aka yi mini sallama ta baya. Surukin Alhaji ne, uban mijin Saudatu, da babbar riga da ɗan rakiya. Ban san abin da ya sani ba, ban kuma tsaya in gani ba. Jikina da kansa ya juya, na baje rigata na tare yaron da bayana, na miƙa hannu biyu.

Ya tambayi gida, na ce lafiya. Ya tambayi Alhaji, da Hajiya, da yara, na ce lafiya lau. Ya tambayi gajiya, da ruwa, da ƙafata mai ciwo. Na tambayi nasa gidan ɗaki-ɗaki, da amarya, da kasuwa. Muka yi wa juna barka da damina, muka yi addu'ar zaman lafiya, muka koka da tsadar taki. Gaisuwa ce cikakkiya, ba a tauye ta ko kaɗan ba. Da ya wuce na juya. Ba kowa sai 'yan ƙwayoyin masara da ya tara a kan wani kwali.

Bayan kwana tara aka aiko. Da hantsi ne, an ɗauke ruwa, kasuwa ta cika. Sagir ya faɗi rub da ciki a wani ɗan ruwa da ya kwanta bayan rumfunan hatsi. Na je na ga ruwan daga baya, bai kai idon sawu ba. Mutane sun fi talatin da suka kewaye shi. Wani ya gwada juya shi da sanda, sandar ta zame. Sauran suka yi ta salati suna jan 'ya'yansu baya, har ya daina motsi.

A ranar ya shiga gida ta ƙofar gaba. Alhaji ya ce yaron ya taho daga Maraɗi ne zazzaɓi ya kayar da shi a hanya. Kowa ya san abin da ya sani, kowa kuma ya yi ladabin rashin sani. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure kwana uku. Na ji da kunnena wani dattijo na cewa, "Allah ya ba ka ladan riƙon maraya, Alhaji," shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce amin. A cikin gida Hajiya ta yi kuka har muryarta ta dishe.

Mai wankan gawa na unguwa ya zo, ya ji ko wane ne, ya ce a samo masa leda ya ɗaura a hannu. Na ce ya bari. Ni na wanke shi. Na ɗaga kansa a tafina, bai kai nauyin ƙaramin littafi ba. Na wanke tabon goshin, da hannun da ya ƙone, na sa yatsana na share laka daga bakinsa. Ba abin da ya same ni. Na san ba abin da zai same ni tun ranar farko.

Yanzu an sake buɗe rumfar, na ji Martha ta dawo. Ban je ba, ban san da wace fuska ba. Jummai an sa mata rana. Gidanmu ya ci binciken, an ce gidan mutunci ne, ba kuturta, ba hauka, ba farfaɗiya. Ni kuma ina nan a ɗakina, tuwo na zuwa kan lokaci.

Abin da ke hana ni sakewa ba ruwan ba ne. Kwana taran nan ne. Yaro ya yi su yana yawo da yaƙinin cewa ya sa wa mace ɗaya da ta taɓa shi ciwo, kuma da wannan yaƙinin ya kifa. Amsar tana bakina, ba ta kai tsawon sallama ba, na tsaya tambayar wani lafiyar ƙafarsa.

Ba ta ɗauka ba, Sagir. Ba a ɗauka. Ba ka taɓa sa wa kowa komi ba. Sauke hannunka, ka matso.